Barry ko Joel: wane fim za mu sa a majigi ranar Asabar?

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan sallar isha'i, mukan haɗu mu takwas zuwa goma a saman shagon wani abokinmu da ke kusa da titin Bauchi a nan Jos. Mu kalli fim ɗaya, mu sha shayi, mu yi ta musu a kansa har sanyi ya kore mu. Cikinmu akwai malaman makaranta biyu, da tela, da wasu samari uku masu karatu a makarantar koyon harkar fim ta ƙasa da ke garin nan. A wannan watan ɗaya daga cikin samarin ne ya kawo shawara, ya ce a nemo fim ɗin soyayya wanda aka ɗauko fitaccen ɗan barkwanci aka ba shi rawar da ba ta wasa ba. Aka yi ta jefo sunaye ana tacewa har saura biyu: Punch-Drunk Love na 2002, wanda Adam Sandler ya ja, da Eternal Sunshine of the Spotless Mind na 2004, wanda Jim Carrey ya ja. Nan kowa ya cije a kan nasa. Sai suka ce tunda na girme su, in je in sake kallon duka biyun in zo da hukunci.

Na kalli kowanne sau biyu cikin mako guda. Abin da na gani shi zan shimfiɗa a nan, don na san ba mu kaɗai ba ne ke da dare ɗaya da finafinai biyu a hannu. Zan taɓo cikin labaran har kusa da ƙarshensu, domin ba yadda za a auna su ba tare da haka ba.

Duk wanda ya tashi da kallon marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah Ya jiƙansa, ya san nauyin da ɗan barkwanci ke ɗauke da shi. Kafin ya buɗe baki an fara dariya. Ko ya zauna ya rafka tagumi, 'yan kallo jira suke su ga ta inda zai ɓarke, don fuskarsa ta riga ta yi musu alkawari. Tun rasuwarsa a Disambar 2014 nakan tambayi kaina abin da ke bayan waccan fuskar wanda dariyarmu ta hana mu gani. Daraktan da ya ɗauko irin wannan mutum ya ce zai sa mu ji tausayinsa, ko dai ya yi aiki da alkawarin nan da fuskar ta yi, ko ya karya shi tun daga fitowar farko. Paul Thomas Anderson ya yi na farko da Sandler, Michel Gondry ya yi na biyu da Carrey, kuma duk sauran bambancin da zan kawo daga nan ya tsiro.

Kafin 2002, Sandler ya yi suna ne da fitowa a ƙaton yaro wanda bai gama girma ba, mai magana ƙasa-ƙasa, da an taɓa shi kuma ya hau ihu da duka. Happy Gilmore na 1996 da The Waterboy na 1998 duk a haka suke. Jama'a sun so su, masu sharhin finafinai kuwa ba sa ɗaukarsa da daraja. Shi Anderson a lokacin ya gama Magnolia na 1999, fim mai nauyi da ya haura awa uku. Da ya ce na gaba gajere zai yi, kuma da Sandler, da yawa sun ɗauka zolaya ce. Ya fito da shi a minti 95, ya kuma karɓi kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Cannes a Faransa a wannan shekarar, tare da Im Kwon-taek na Koriya ta Kudu.

Abin da Anderson ya yi mai sauƙin faɗa ne. Bai canja Sandler ba. Ya bar masa muryarsa ta ƙasa-ƙasa, ya bar masa fushinsa, ya cire dariyar kawai. Sai ka ga cewa mutumin da ka shekara kana ƙyalƙyata masa dariya idan ya fasa kaya, ashe mara lafiya ne da ba shi da wanda zai faɗa wa.

Sunansa a fim ɗin Barry Egan. Tuzuru ne mai ƙaramin kamfani a wani sito a gefen Los Anjelis, yana sayar da robar zuƙe toshewar bayi da makamantan tarkace. Shi kaɗai ne namiji cikin 'yan'uwa mata bakwai. Duk Bahaushen da ya tashi a gida mai yawa zai gane wannan tun kafin a yi masa bayani. Ba ƙinsa suke ba. Suna kiransa a waya ɗaya bayan ɗaya yana tsakiyar ciniki, kowacce tana tambaya ko zai zo walimar gida, kowacce tana tuna masa sunan tsokanar da suka laƙaba masa tun yana yaro. A wurinsu wasa ne. Shi kuwa yana murmushi yana cewa ba komai, har tura ta kai bango, ya juya ya tarwatsa gilasan ƙofar gidan a gaban kowa. Fitowar da ta biyo baya ita ta fi tsaya mini a rai. Ya ja mijin ɗaya daga cikinsu gefe, saboda ya ji ana ce masa likita, ya faɗa masa cewa wani lokaci ba ya son kansa, kuma yakan fashe da kuka ba dalili. Mutumin ya ce shi likitan haƙori ne. Barry ya roƙe shi ya rufa masa asiri, maganar kuma ta isa kunnen 'yan'uwan. Na san maza a unguwarmu da suka taɓa buɗe baki sau ɗaya tak irin haka, aka mayar da maganar abin hira a majalisa, ba su sake ba.

A kan wannan rayuwa abubuwa uku suka faɗo masa kusan lokaci guda. Da asuba wata mota ta ajiye hamoniyam a bakin titi ta wuce, wato ɗan akwatin kiɗan nan mai iska da muka saba gani a finafinan Indiya, ya sure shi ya kai ofis. Sai wata mata, Lena, wadda Emily Watson ta fito a ita, abokiyar aikin ɗaya daga cikin 'yan'uwansa, ta kawo motarta gareji kusa da sitonsa. Daga baya ta faɗa masa gaskiya cewa hotonsa ta gani ta ji tana son haɗuwa da shi. Na ukun shi ne kuskurensa: wani dare kaɗaici ya ishe shi, ya kira layin da ake biya a yi hirar batsa, ya ba su lambar katinsa da adireshinsa. Washegari matar ta kira tana neman kuɗi, da ya ƙi sai barazana. Ashe wani mai shagon katifa ne a jihar Yuta ke tafiyar da harkar, Philip Seymour Hoffman ya fito a shi, kuma ya turo ƙarti huɗu 'yan gida ɗaya su tatse shi. Wannan ɓangaren ba sai an fassara mana ba. Kowa a nan ya san wanda aka kira aka yaudare shi ya karanto lambobin katinsa, ko wanda aka riƙe masa wani abin kunya a waya ana karɓar kuɗinsa, ya kasa kai ƙara don kada gida su ji.

Akwai kuma zancen fudin, wani kayan zaƙi mai kauri da ake sayarwa a ƙananan kofunan roba. Barry ya gano cewa kamfanin Healthy Choice ya yi kuskuren lissafi a wata garaɓasa, inda ladan tafiya a jirgin sama da ake ba mai saye ya fi kuɗin kayan daraja nesa ba kusa ba. Sai ya shiga jibge fudin a sito, shi da bai taɓa hawa jirgi ba. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Wani injiniya a Kalifoniya mai suna David Phillips ya yi haka a 1999, ya kashe kimanin dala 3,000 ya samu ladan tafiyar sama da mil miliyan ɗaya. A fim ɗin, ranar da Barry ya tashi bin Lena zuwa Hawayi aka ce masa sai an yi makonni kafin ladan ya shiga. Ya ajiye lissafin ya sayi tikiti da kuɗinsa. A ganina duk soyayyar fim ɗin tana cikin wannan ɗan matakin.

Carrey daban ne. Ɗan asalin Kanada ne, kuma a 1994 kaɗai ya fito a Ace Ventura da The Mask da Dumb and Dumber, da fuskar nan tasa mai lanƙwasuwa kamar roba. Amma kafin 2004 ya riga ya gwada ruwan, domin The Truman Show na 1998 ya ba shi kyautar Golden Globe. Saboda haka mamakin ganinsa cikin natsuwa bai kai na Sandler ba. Abin da Gondry, Bafaranshe, ya yi shi ne ya kwance masa kayan aikinsa kaf. Joel Barish mutum ne mai sunkuyar da kai, mai rubutu da zane a ɗan littafinsa, wanda ba ya iya haɗa ido da mace. Duk rawar kai da surutu da ɗaukar hankalin da muka san Carrey da su, an miƙa wa Kate Winslet, wadda ta fito a Clementine. Kamar an yi musanyen riguna. Idan ka kalli minti goman farko ba ka san Carrey ba, ba abin da zai nuna maka ɗan barkwanci ne.

Labarin, wanda Charlie Kaufman ya rubuta, ya fara ne da safiyar ranar masoya. Joel ya fasa zuwa aiki ba dalili, ya hau jirgin ƙasa zuwa Montauk, wani gari a bakin teku a jihar Niyok, cikin tsananin sanyi. Can ya haɗu da Clementine. Sai daga baya ka gane cewa sun yi shekara biyu tare, sun ɓata, ita ta je wani asibiti mai suna Lacuna aka goge shi daga ƙwaƙwalwarta, shi ma da ya ji ya je don haushi. An ce ya tattaro duk abin da ke tuna masa da ita a jaka, aka zana taswirar inda take a kansa, sannan ma'aikata suka zo gidansa da dare yana barci suka shiga gogewa, daga faɗan ƙarshe suna komawa baya. To a nan dabarar take. Tunda daga ƙarshe aka faro, munanan ranaku ne suka fara tafiya. Da aka iso kyawawan, irin daren da suka kwanta a kan kogin da ya daskare suna kallon taurari, sai ya ji ba ya so a ci gaba, ga shi kuma a cikin barci ba bakin magana. Ya kama hannunta a cikin tunaninsa suna gudu, yana ɓoye ta a wuraren da ba ta taɓa shiga ba, har cikin ƙuruciyarsa, ƙarƙashin teburin kicin ɗin mahaifiyarsa.

Kallo na biyu da na yi masa a gidan yayata na yi shi, a Unguwar Rogo. Aurenta ya mutu shekara uku da suka wuce. Ta shigo da faranti ta zauna a hannun kujera da niyyar tashi, ba ta tashi ba. Kusa da ƙarshe, wata ma'aikaciyar asibitin ta gano ita ma an taɓa yi mata gogewar, sai ta kwashe kaset-kaset ɗin da marasa lafiya suka yi bayani a ciki ta aika wa kowa nasa. Joel da Clementine, waɗanda suka sake haɗuwa suna ganin sabon so ne, suka zauna kowanne yana jin muryar ɗan'uwansa tana zayyana aibinsa ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka suka tsaya a baranda suka yarda su sake gwadawa.

Yaya ta ce, "Kai, mayar da wurin nan baya kaɗan."

Na mayar. Da ya ƙare ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ai kome ne. Sai dai su an karanta musu laifin juna tukuna."

Na ce, "Yaya, ba su yi aure ba fa."

Ta ce ta sani, amma ciwon ɗaya ne. Ta ce lokacin da take idda, da an nuna mata inda ake goge mutum daga zuciya da ta sayar da 'yan kunnenta ta je. Yanzu kuwa ko kyauta ba ta so, don cikin abin da za a share har da ranar da aka haifi 'yarta, da wanda ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin haihuwa yana ta addu'a.

Ban taɓa jin ta yi maganar auren nan da tsawo haka ba. Wannan shi ne ƙarfin Eternal Sunshine, kuma Punch-Drunk Love ba shi da irinsa. Fim ɗin Sandler a bakin ƙofar soyayya ya tsaya, lokacin da so ke hana ganin laifi. Na Carrey ya shiga ɗakin, ya ga kwanukan da ba a wanke ba, da gorin da ake yi wa juna a gaban mutane, da shirun da ke sauka tsakanin mutum biyu a wurin cin abinci. Zo mu zauna zo mu saɓa, shi ne zancensa daga farko har ƙarshe.

Ta fuskar mata ma na Carrey ya yi gaba, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Clementine mutum ce cikakkiya: tana da saurin fushi, tana shan giya fiye da kima, tana gundura da wuri, kuma da bakinta ta gargaɗi Joel kada ya ɗauke ta maganin matsalarsa, ita ma tata natsuwar take nema. Winslet ta shiga jerin 'yan takarar Oska da wannan rawar. Lena kuwa, duk da iyawar Emily Watson, ba a ba ta labari ba. Ba ka san abin da ta gani a jikin Barry ba, ba ka san abin da take tsoro ba. Ta zo cikin jar riga kamar amsar addu'a. Kuma akwai abin da ya dame ni wanda ba zan ɓoye ba. A fitarsu ta farko, da ta ambaci wani labarin ƙuruciyarsa da 'yar'uwarsa ta ba ta, Barry ya tashi ya shiga bayin gidan abincin ya farfasa shi, aka kore su. Lena ba ta ja da baya ba. Daga baya, da ƙartin nan suka daki motarsu ta ji rauni, ya fito ya far musu da ƙarfe, fim ɗin kuma ya nuna hakan a matsayin fushi ya samu inda zai yi amfani. Na fahimci abin da ake nufi, amma da ƙanwata ce ta kawo mini irin wannan manemi, sai na ce a dakata a nemo masa likitan da ya roƙa tun farko. Fim ɗin bai warkar da Barry ba, ya ba shi dalilin rayuwa ne kawai, kuma mai kallo ya kamata ya riƙe bambancin.

To me ya sa duk da haka ban miƙa wa na Carrey kambun kai tsaye ba? Saboda tambayar da aka ba ni ba wanne ya fi zurfi ba ce. Tambayar ita ce wanne ya fi nuna ɗan barkwanci a rawar gaske, kuma wanne ya dace da mutum goma a ɗaki ɗaya. A Eternal Sunshine, gwanintar ta marubuci ce da darakta. Kaufman da Gondry da Pierre Bismuth ne suka karɓi Oska ta rubutun labari a 2005, kuma sun cancanta. Carrey ya yi kyau ƙwarai, amma za ka iya hasko wani jarumin mai sanyin hali a gurbinsa fim ɗin ya tsaya da ƙafarsa. Punch-Drunk Love kuwa in ka cire Sandler ya rushe, domin da tsohon saninka da shi aka gina shi. Kana jiran ya ɓarke ka yi dariya kamar yadda ka saba, sai ya ɓarke, dariyar ta maƙale maka a wuya. Wannan maƙalewar ita ce abin da samarinmu masu karatun fim ya kamata su ji a jikinsu, don ita ce darasin da za su iya ɗauka su yi aiki da shi da 'yan barkwancinmu na gida.

Sai abubuwan da suka shafi zaman kallon kansa. Mutum ɗaya ne ya yi kiɗan finafinan biyu, Jon Brion, amma aikin da kiɗan ke yi ya bambanta. A na Carrey rakiya yake yi a hankali. A na Sandler shi ne rabin labarin. Akwai fitowar da 'yar'uwar Barry ta kawo Lena sito ba sanarwa, waya na ta ƙara, matar nan mai barazana na kan layi, ma'aikata na ta ɓarin kaya a baya, ganguna da ƙarafa na ta hawa kan juna, har ka ji kamar ka tsaya tsakiyar kasuwar Taminus ta Jos da yamma an kira ka ta ko'ina. Da ya kama hanyar Hawayi sai hayaniyar ta lafa, wata tattausar waƙa da Shelley Duvall ta rera a fim ɗin Popeye na 1980 ta ɗauka. In aka kalli wannan a waya, ko janareto na ruri a bakin taga, an yi asarar rabin fim ɗin. Yana son lasifika mai kyau da allo mai faɗi, saboda shuɗiyar kwat ɗin da Barry ke sawa kusan ko'ina, da jar rigar Lena, da launukan da mai zane Jeremy Blake ya zuba tsakanin fitowa da fitowa, duk magana suke yi.

Na Carrey ya fi haƙuri da ƙaramin allo, amma ba ya haƙuri da mai tashi. Minti 108 ne, kuma lokaci a cikinsa gaba da baya yake tafiya. An haura minti 15 kafin ma sunan fim ɗin ya bayyana. Wanda ya fita amsa waya ya dawo sai ya dami na kusa da shi da tambaya. Ga abin da zai taimaka: a bi launin gashin Clementine. Shuɗi na bayan gogewa ne, kore na ranar da suka fara haɗuwa ta ainihi, ja da ruwan lemo na tsakiyar zamansu. Turancinsa ma ya fi yawa da sauri, ana magana a kan magana, don haka a kunna rubutun ƙasan allo. Na Sandler miƙaƙƙe ne, ko wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai bi shi da ido, domin jikin Barry, yadda yake ja da baya idan an matso shi, yadda yake tafiya kamar mai neman hanyar gudu, ya riga bakinsa bayani. Telanmu ba ya son fim mai yawan surutu, kuma na yi la'akari da shi.

Maganar tarbiyya kuma a faɗe ta a fili. Duka biyun a Amurka an sa musu alamar da ke hana waɗanda ba su kai shekara 17 ba shiga sai da babba, kuma ba na falo ba ne da yara ko surukai. A na Sandler abin da za a kiyaye shi ne kiran wayar nan, wanda magana ce ba hoto ba, da ashar ɗin da mai shagon katifa ke zubawa, da kwanan otal a Hawayi. A na Carrey abin ya fi yawa a ido: ma'aikatan da aka bar wa Joel yana barci sun sha giya da wiwi, sun yi rawa da kayan ciki a kan gadonsa, ga kuma zaman mace da namiji ba aure wanda a kansa aka gina labarin gaba ɗaya. Mai riƙe da rimot zai fi shan aiki a na biyun.

In da kasuwa ce alƙali, da an gama shari'a tuntuni. An kashe dala miliyan 25 a na Sandler, da ƙyar abin da ya shigo daga gidajen sinima ya kusa mayar da su. Na Carrey an kashe miliyan 20 ya kawo sama da miliyan 70. Masoyan Sandler sun je neman dariyar da suka saba ba su samu ba, masu ƙyamarsa kuma ba su je ba. Amma waɗanda suka gani sun san akwai wani abu a jikinsa, kuma wanda ya kalli Uncut Gems na 2019 ya ga inda hanyar ta kai.

Ga wanda ke karanta wannan shi kaɗai, zaɓin ya danganta da inda yake tsaye. In kai saurayi ne mai nauyin baki, wanda gida suka mayar abin tsokana, ko wanda ya taɓa yin abin kunya a ɓoye yana ganin ya gama lalacewa, fara da Barry. In kuwa kin fito daga aure, ko ka rabu da wadda har yanzu ba ka iya goge lambarta ba, ko ku ma'aurata ne da kuka kai shekarun da hira ta ragu, Joel da Clementine naku ne. Amma ku kalle shi ku kaɗai ko ku biyu, cikin daren hunturun Jos, da bargo, ba cikin taro ba. Abin da ya fito daga bakin yayata ba zai fito a gaban mutum goma ba, kuma a cikin mu goman nan akwai biyu da na san rabuwarsu ba ta daɗe ba. Ba zan so in zaunar da su a tsakiyar abokai fim ya tone musu ciwo, sannan a kunna fitila a ce kowa ya faɗi ra'ayinsa ba.

Saboda haka na kira mai shagon na ce masa, "Alhaji, Punch-Drunk Love za a sa." Ya tambaya ko samarin za su yarda, don biyu daga cikinsu na Carrey suke so. Na ce zan ba su nasu su tafi da shi gida, wata mai zuwa duk wanda ya ga dama ya kawo abin da ya gani. Na roƙe shi ya aro babbar lasifikar maƙwabcinsa, a kuma kai janareto bayan katanga. Za mu fara ƙarfe takwas da kwata, don a gama kafin goma, a samu rabin awa na musu, mutanen Farin Gada da Rikkos su samu abin hawa.